Safar Hannu a Tsakiyar Bazara

Maƙwabta sun ce na zautu.
Rana na gasa kwanon rufi a Gwammaja,
kaji sun saki baki a gindin randa,
ni ko ga ni da ulu a cinya
ina saƙa safar hannu.

Ai ba su ga hannun Sabi'u ba.
Tun kiran assalatu yana Sharaɗa,
yana rungumar ƙanƙara kamar mai ɗaukar jinjiri,
daga inji zuwa kura,
daga kura zuwa buhu.
Rabin garin nan da hannunsa ya sha ruwan sanyi.
Da dare in na miƙa masa kwanon tuwo
sai ya riƙe, ya dube ni:
"Ladiyo, da zafi ne?"
Yatsun sun daina kai masa labari.

Suwaita na samo a gwanjon Ƙofar Wambai,
ja, mai warin akwatin wani.
Na warware ta tun daga wuya,
zaren ya fito a murɗe
yana tuna jikin da ya baro.
Na jiƙa, na shanya, na rataya masa taɓarya
har ya manta.
Baƙin kuwa guntun hular Gwaggo Hajo ne,
wadda ba ta ƙarasa ba.

Ita ta koya mini, ina 'yar tara.
"Ƙirga, 'yar nan," in ji ta,
"zare ba ya yafe mantuwa."
To ina ƙirgawa, Gwaggo.
Arba'in da huɗu a wuyan hannu,
kan wayar keke guda huɗu
da Ɗanliti mai faci ya goge wa baki a dutse.
Ja uku, baƙi ɗaya,
ja biyu, baƙi uku,
wanda ba a saƙa ba yana bin baya a ɓoye,
shi ne kaurin, shi ne ɗumin.
A hankali dagi ya ɗago kai a bayan hannu.

Babban yatsa ne ya ba ni wuya.
Sau uku ina warwarewa.
Daga baya na bari ya yi barci,
na haska fitilar waya,
na auna da zare.
Faso ya tsattsaga tafin nan
kamar bakin kududdufi a watan Afrilu.
Ban tashe shi ba.

Gumi na ɗiga daga haɓata cikin ulu.
Wuta ta zo, ta tafi.
Miyar kuka ta kama a tukunya,
dagin hagu ya karkace da ido ɗaya,
na gani, na bar shi.
Wanda ya iya ya zo ya gyara.

Ran da na ba shi sai ya yi dariya,
ya ce wannan ta masu hawa jirgi ce,
abokan aiki za su sa masa suna.
Amma ya cusa a aljihu.
Na ji an ce a ƙarƙashin safar roba yake sa ta,
inda babu mai ganin adon
sai ni da na san yana nan.

Sati uku ban tambaya ba.

Jiya na miƙa masa kwano,
ya karɓa, ya dire da sauri,
yana yarfa hannu, yana hura yatsu:
"Haba Ladiyo, ƙona ni za ki yi?"

Na juya wajen murhu
don kada ya ga fuskata.