Faifan da Kawu Labo Ya Bari

A shagon gyaran rediyo, unguwar Bagalam,
ƙarƙashin wayoyi da matattun batura,
na tono baƙin faifai cikin takardar siminti.
Kawu Labo ya saye shi dala uku
ranar da wani likitan Danja
ke ɗaure kaya zai koma Amirka.

Gara ta cinye takardar tsakiya.
Sunan mai kiɗan saura harafi biyu,
shekarar kuwa ta girmi kakana.

Na ɗora allura.
Da fari ƙara, kamar ana suyar gyaɗa,
sai fiyano ya taho yana ɗingishi,
mata na amshi, takalma na dukan katako.

Kawu kan ce kiɗan dandali ne:
a yi magana, a yi ta magana,
in ta gaza sai a rera.
Sauran labarin da kansa ya ƙera,
dalma na narkewa a bakin ƙarfensa.

Wai ɗan tela ne,
daga keken ubansa ya koyi ƙirga taki.
Wai waƙarsa ta fari kan kuɗin takalmi ta tafi.
Wai dare ɗari biyu labule na tashi dominsa,
masu keken doki na yin fito da abin da ya tsara
ba su san ko yana da hanci ba.
Sai yayi ya juya baya,
yara suka zo da sabon kiɗa mai gaggawa.
Ya mutu a ɗakin haya, ana binsa wata huɗu,
aka sayar da fiyanon don a biya.

Na ce, Kawu, wa ya gaya maka?
Ya busa ƙurar lasifika, bai ɗago ba.
Ya ce, mai dako ya san wuyan mai dako.

Sai bayan mun kai shi makwanci
tsoho Nayaya ya ba ni ragowar:
zamanin samariya, duk wasan da ya cika Gidan Matasa,
waƙoƙin cikinsa Labo ne, da gurminsa,
a bakin Gulbi yake harhaɗa su da la'asar.
Har Tibiri aka yi daka da su.
Ba wanda ya ɗauka a kaset.
Ba wanda ya rubuta.

Shekaranjiya mai ƙuli-ƙuli ta wuce ƙofar shago
tana gunji da wata murya da na sani
daga bakin Kawu, in yana ɗaure kusa.
Na tsai da ita: Inna, waƙar wa ce?
Ta gyara gammo ta ce, ta da ce,
ba ta da mai ita.

Na koma ciki na juya faifan.
Kai Ba'amirke, ka gode Allah,
gara ta bar maka harafi biyu.