Ƙwan Fitilar Malam Dalyop

A Bukuru, ajinmu na kallon tsohon ramin kuza,
Malam Dalyop ya jera kofuna,
batir, waya biyu, da ƙwan tocila.

Tataccen ruwa: ƙwan ko gezau.
Ya zuba sukari, ya dama har ya ɓace,
duhu dai.
"Ya narke," in ji shi, "amma a dunƙule yake yawo,
ba ya ɗaukar wa kowa saƙo."

Sai gishiri, ɗiban yatsa uku.
Ƙwan ya buɗe ido.
"Wannan ya rabe biyu cikin ruwa,
rabi ya nufi wayar nan, rabi waccan.
Tafiyarsu ce wutar."

Tun ranar na raina sukari.

Shekara sha huɗu, Anguwar Rogo, biyun dare,
ruwan Agusta na dukan kwano,
gudawa ta tatse Ramlatu, idonta ya faɗa.
Na tafasa ruwa, na bari ya huce,
na zuba su biyun, hannuna na rawa.
Ashe wanda na raina
shi ke riƙe hannun gishiri ya tsallakar da shi hanji.

Cokali, cokali.
Gab da assalatu
ta buɗe ido, ta ce in rufa mata zane.