Wasiƙar Jabu

Shekara ashirin da bakwai ina feɗe kifi
a inuwar tsohuwar gada, nan Yamai.
Wuƙata ta san karfasa
kamar yadda harshe ya san haƙori:
namiji mai jan wutsiya, mace mai nauyin ciki.
Ban taɓa tambayar kowa ba.

Ran Talata Arzika ya dire mini kwando,
rabin na bara, kuɗin kuwa jika shida.
Na tsaga wani ƙato, namiji ne, na rantse,
sai ga wasu ƙwayoyi maƙale a mararsa,
ƙanana, kamar geron da bai nuna ba.
Na goge ido da bayan hannu.
Suna nan.

Ubaida, 'yar ƙanena mai karatu a Harobanda,
ta ɗauke shi a kwalba, ta dawo bayan sati.
Ta ce, Gwaggo, jiki ma yana da masu kai saƙo.
Jini ke ɗauke da wasiƙa:
kai, ka haƙa gurbi a yashi,
ke, ki riƙe ƙwai a baki, ki yi azumi har su buɗe ido.
To, akwai masu sato hatimin.
Maganin feshin shinkafa, ledar da rana ta dafa,
kumfar wanki, ragowar ƙwaya da ke bin fitsarinmu,
duk Gunti Yena ta kwaso ta miƙa wa kogi,
kifi ya karanta, ya gaskata.
Ta ce har a teku, inda ban taɓa zuwa ba,
ana kukan irin wannan.

Na ce, to guba ce?
Ta ce, gubar da kika sani tana juya ciki sama,
kowa ya gani, a toshe hanci.
Wannan ba ta barin gawa.
Tana hana zuwa ne kawai.

Arzika ya yi dariya, ya ce zancen 'yan lakkwal.
Amma na ga ya daɗe a bakin jirgi
yana kallon gefen ciyawa,
inda 'ya'yan kifi kan yi baƙi kamar hayaƙi
in ruwa ya fara ja.

Wa ke zaman makokin wanda ba a haifa ba?
Da yamma na ɗauki bokitin wanke-wankena
zan watsa inda na saba.
Na tsaya da shi a hannu
har aka kira magariba.