Sawun Yatsu Huɗu

Kakana Barau bai san awo da igiya ba.
Da kamu yake auna bango,
da harshe yake ɗanɗana ƙasa,
ya ce, wannan ta kududdufin gabas ce, ba ta jure marka.

Shekarar da Baturen gine-gine ya zo
da takarda a naɗe a hammata,
gaban ƙofar unguwarmu ya tsaya.
Ƙofa ce mai lanƙwasa:
raƙumi da kaya sai ya rusuna,
mai shigowa a guje sai ya gaisa da bango.
Ya ce a miƙe ta,
mota ba ta iya rusunawa.

Aka ciro ƙyaure da ƙarafansa,
aka ɗora a amalanke.
Sarkin ƙofa ya koma gida da mabuɗi a aljihu,
har ya rasu yana shafa masa mai.

Sule uku a mako aka yanka wa Kaka.
Ya karɓa. Ban zarge shi ba,
haraji ba ya jiran mai zuciya.
Amma ranar da aka kwaɓa siminti
za a lulluɓe makuba,
ya ce, ƙasa numfashi take yi,
in ka toshe mata hanci, ta ciki za ta ruɓe.
Tafinta ya juya ya ce,
magini ya ce madalla.

Sai Bature ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya,
ya ce a ƙara zankwaye a sama,
inda ba a taɓa yin zanko ba,
wai ta fi kama da Kano.

Su ne yau ɗalibai ke ɗauka a hoto,
suna cewa, dubi aikin mutanen dā.

Bara, bayan ruwan Agusta,
wani ɓangaren simintin ya zubo.
Ƙarƙashinsa ga tubali, ya jiƙe ya yi baƙi,
ga shafe, ga sawun hannu,
yatsu huɗu:
azara ce ta cinye masa ƙaramin tun yana yaron gini.

Na sa nawa a ciki,
hannun biro, bai cika gurbin ba.
Ƙasar da sanyi.
Bayana mai adaidaita sahu yana ta ham,
wai Malam, a ba mu hanya,
ƙofa ce, ba zaure ba.