Hular Jela

Jirgin Labaran ya shekara tara
a bayan garejinmu na Dakata,
tsakanin mataccen janareta da darbejiya.
Fukafukai sun hau, inji ya zauna,
saura bakin jela:
huluna biyu na faiba, farare kamar ɓawon ƙwai.
Ya ce, "Sagiru, kai ke ɗinke bamba in ta fashe,
zo ka sa mini waɗannan."

Na ɗauka aikin yini guda ne.

Ta hagu ta shige kamar ƙafa a tsohon takalmi.
Ta dama ta ƙi.
Ta yage baki ta gefe,
giɓin da ƙwayar gyaɗa za ta kwana a ciki.
Na ce a cika da fila a wuce wurin,
ai haka muke yi wa motocin Ƙofar Ruwa.
Labaran bai ce uffan ba.
Ya aiki yaro aron sikeli wurin Barau mai nama,
ya aza hular, ya rubuta nauyinta a bango da gawayi.
"Mota tana yafe nauyi," in ji shi,
"jela ba ta yafewa."

Sai muka koma lallashi.
Ruwan zafi daga tukunyar mai shayi,
tsumma, matsi da tafin hannu,
har faiba ta yi laushi ta ji magana.
Na ja layi da fensir, na rage da zarto
kaɗan, na gwada,
kaɗan, na sake gwadawa.
Abin da ka yanke ba ya dawowa,
wannan ko tela ya sani.

Rami goma sha takwas na huda,
kowanne sai da na riƙe numfashi.
Na sha bakwai ya kauce.
Na toshe shi da gam da zaren gilashi,
na jira kwana guda, ban iya cin tuwo ba.

Ba wanda ya gaya mini zancen ƙaiƙayi.
Garin faiba ya shiga hannu, ya shiga wuya,
ya bi ni har Gwammaja.
Ladidi ta tare ƙofar ɗaki:
"Kada ka taɓa min jaririya sai ka yi wanka biyu."
Na yi uku, ina susa har asuba.

Sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi,
sannan wadda ake jiƙawa.
Na ce na gama.
Fentin fari na hawa, sai ga ƙananan ramuka
kamar an bi wurin da tsinin allura,
ɗari, ko fiye.
Labaran ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Muka shafe, muka goge,
muka shafe, muka goge,
azumi ya zo ya tarar da mu a kai, ya wuce ya bar mu.

Ido maƙaryaci ne a wannan aiki.
Rufe shi nake yi, in bi da yatsa
daga alminiyom zuwa faiba.
Ranar da yatsa ya rasa inda ɗaya ya ƙare
ɗaya ya fara,
na kira Labaran. Ya shafa. Ya sake shafawa.
Ya dubi lambar da ke bango, ya dubi sikelin Barau,
ya ce, "To."
A bakinsa, wannan kirari ne.

Jirgin bai tashi ba tukuna.
Akwai takardu, akwai kuɗin mai,
kuma ƙofar garejin ta fi fiffiken ƙunci.
Amma jiya da la'asar shirwa ta gifta saman kwata,
kowa na duban abin da za ta sura,
ni kuwa jelarta nake kallo,
yadda take ɗan karkata ta, kaɗan,
sararin sama duka ya juya.
Na ce a raina: wa ya goge miki wannan?
Hannuna ya soma ƙaiƙayi.