Sama Kaɗan, Ƙasa Kaɗan

Asuba a filin Haifan.
Sanyi ya cinye mini yatsu tun kafin in buɗe tirela.
Ga gangar jirgin, siririya kamar tarwaɗa,
ba inji, ba farfela,
ga fikafikai biyu a kwance gefe,
kowanne taku goma,
gindin kowanne ya kai buhun masara.

Shekara tara Dalyop ke riƙe bakin fiffike,
ni ina gindi ina ba da umarni:
sama kaɗan, ƙasa kaɗan, tsaya nan.
Kafin shayi ya huce mun gama.
Ran Laraba muka yi cacar baki kan kuɗin taya,
na ce masa jirgin nan ko ni kaɗai sai in haɗa shi.
Ya sa hularsa, ya ce,
Allah ya ba da sa'a, Sha'aibu.

To, ga ni.
Na zo da ƙafar keken ɗinkin matata,
na ɗaura mata guntun katifa,
tayar baro a ƙasa, jak ɗin mota a tsakiya.
Dalyop ɗina na yau ke nan.
Ba ya gardama,
amma ba ya jin sama kaɗan.

Na ciccibo na hagu a kafaɗa,
na zura harshensa cikin gangar jirgin.
Na kawo na dama, bayana yana ƙorafi.
Na leƙa: ramuka biyu sun ƙi haɗa ido,
tsakaninsu kaurin farce.
Na taka can, na murɗa jak sau biyu,
na dawo. Ya zarce.
Na koma, na sassauta,
na dawo. Bai kai ba.
Sau goma sha ɗaya na ƙirga, sannan na bar ƙirga.
Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa,
ƙafata ta fitar da turba a ciyawa
inda da murya kawai ke bi.

Sai iska ta taso daga tsoffin ramukan kuza.
Fiffike ya tuna aikinsa, ya ɗaga kai.
Na sheƙa, na faɗa kansa da ƙirji,
kuncina a kan farin fenti mai sanyi,
ina jin sa yana numfashi a ƙarƙashina.
A nan kwance na gane:
ashe mutumin nan baya yake ba iska,
ashe kafin in ce sama
hannunsa ya riga ya tashi.
Shekara tara ina tsammanin bakina ke haɗa jirgi.

Da ta lafa na tashi.
Na shafa wa babbar ƙusa giris,
na murɗa jak rabin zagaye, rabi kawai,
na leƙa, na ga haske ya ratsa ramukan biyu.
Na tura. Ta shige sumul.

Ya shiga! na ce, na waiwaya.
Ƙafar keken ɗinki ta dube ni.

Hantsi ya ɗaga, awa uku sun tafi.
Shirwa tana can sama tana kewaya ɗumi,
ba ta ko kaɗa fiffike.
Jirgina a haɗe, ya jingina kunne ɗaya da ƙasa.
Ko mota ta ja igiya,
sai wani ya ɗaga wancan bakin
ya yi gudu da shi taku ashirin
kafin iska ta karɓa.
Wannan kam ba jak ɗin da zai yi.

Na goge giris a wando, na ciro waya.
Ta yi ƙara sau biyar.
Ka haɗa? in ji shi.
Na haɗa.
Ka sa makarin ƙusa?
Na yi shiru. Yana cikin aljihuna.
Na ji yana neman makullin babur.
Ɗora ruwan shayi, ya ce,
kuma kada ka taɓa komai.