Gwangwanin Asabar

Asabar ɗin ƙarshen wata, a Kapacika,
gaɓar tafkin Titikaka, inda iska ba ta cika huhu,
mukan haɗu mu bakwai a ajin Teodosiya,
mu ja kujerun yara, gwiwa na neman haɓa,
shayin ganye na huci a kofunan roba.

Tsohon gwangwanin biskit ne a tsakiya.
Kowa ya jefa takardarsa, a zazzage, a kwafa.
Ka zo da ɗaya, ka koma da shida,
ribar da 'yan kasuwar Puno ba su san da ita ba.

Hilariyon daga garke ya ɗebo tasa:
tumaki da agwagi a bakin ruwa,
kai goma sha ɗaya, ƙafa talatin da biyu.
Ya ce kada a ba yaro alli tukuna,
a ba shi wake da tsinken ashana,
ya dasa wa kowace ƙwaya ƙafa bibbiyu,
tsinken da ya ragu shi zai tona asirin tumaki.

Teodosiya kuwa dankali ne makaminta.
Ta raba wani huɗu, ta raba wani takwas.
Wanda ya ce ɗaya bisa takwas ya fi girma
don takwas ta ɗara huɗu,
a miƙa masa nasa ya ci,
ciki zai gyara masa lissafi.

Ta Nikanor ce ta tsaya mini a wuya,
tsohon da ya shekara talatin yana koyarwa a tsibiri,
rubutunsa kamar tonon kaza:
Kwale-kwalen kara, ɗan ƙarami,
babba ɗaya yake ɗauka, ko yara biyu.
Manya uku da yara biyu na son ƙetarewa.
Sau nawa zai ratsa ruwa?

Daren nan na jera cokula, manya uku, ƙanana biyu,
faranti ya zama jirgi.
Maigida ya leƙo, ya same ni ina tuƙi a kan tebur,
ya juya bai ce uffan ba.
Sha uku.
Na sake. Sha uku dai.

Ran Litinin na ja kogi da alli a daɓen aji huɗu,
buhun taki ya zama kwale-kwale.
Hayaniya har shugaba ya turo a duba ko lafiya.
Wasu sun ce tara, wasu ashirin,
Wilber na kuka don an manta shi a tsallake.

Sai Nelida, daga kujerar baya,
'yar masunci, hannu duk kaushin sanyi,
wadda tun farkon zango ban ji muryarta sau biyar ba:
"Malama, ba su da igiya ne?"

Aji ya yi tsit.

"Babana ba ya aika mutum don ya dawo da jirgi.
Igiya yake ɗaurawa, ya jawo abinsa.
Sau huɗu za a shiga, an gama."

Na tsaya da sha ukuna a hannu
kamar kuɗin da aka daina karɓa.

Na rubuta maganarta a bayan takardar,
na jira wata ya mutu.
Nikanor ya karanta, ya cire tabarau,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara talatin ina ƙetarar da mutanen nan,
ban taɓa tunanin ba su igiya ba."

Bai soke ko harafi ɗaya ba.
Ya ari birona, ya ƙara layi a ƙasa:
In sun ce sha uku, tafa musu,
sannan ka tambaya ko akwai ɗan masunci a ajin.

Takardar yanzu tana can Amantani,
a aljihun wani sabon malami da ban san sunansa ba.
An ce ta sha ruwa a hanya,
ya shanya ta a kan murfin tukunya.